Allurar Tela a Kan Faifan Kawu

Jiya a bakin babbar kasuwa wani mai Keke ya wuce ni da kiɗan jita irin na Turawa, mai ƙarar nan kamar ana saran ƙarfe. Sai da na nemi benci na zauna.

Lokacin da garin nan yake amsa sunan Abuja, kafin a ba sabon babban birni sunan, kawuna direban babbar mota ne. Duk zuwansa Ikko sai ya dawo da faifan garmaho. Shi ya koya mini tarihin kiɗan rok tun ban san inda Ingila take ba. Ya ce baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife shi, samarin Ingila suka ɗauka suka yi masa riga, daga baya aka ƙara wa jita wuta har ta koyi kuka. Haka yake jera faya-fayansa a akwatin ƙarfe, na farko a ƙasa.

Kakata kuwa ce masa take yi, "Kai da maƙeranka, ku bari in yi sallah."

Wata damina allurar garmahon ta mutu. Babu irinta a garin, motar kawu kuma ta kwanta a garin Diko. Sai ya karɓo allurar keken ɗinki wurin telan unguwarmu, ya goga a dutse, ya ɗaura. Kiɗa ya tashi, muka yi ta murna. Sai daga baya muka lura da wani baƙin gari yana taruwa a bakin allurar. Ashe cin faifan take yi.

Na ce, "Kawu, a dakata mana har a samo ta gaske."

Ya ce, "Yaro, wa ya ce maka zan sake ganin Ikko?"

Bai daina ba. Ɗaya bayan ɗaya faya-fayan suka koma shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano, shi kuma yana zaune yana kaɗa ƙafa, yana cika abin da ya ɓace da bakinsa. Bai kuwa sake ganin Ikkon ba.

Ka ga, na zauna a Landan, na zauna a Hamburg, na ga makaɗan nan da idona, furfura har kafaɗa. Yau jikana ya nuna mini duk waƙoƙin suna cikin wayata, tas, babu ƙura. Na kasa kunne. Da aka zo inda kawu yake karɓa da muryarsa, sai na ji wani Bature yana kaɗawa daidai. Na miƙa wa yaron wayar, na ce ya kashe.