Ni Ce Sikelin Alhaji Ɗanlami

Ku cinka mini wannan. Mutum ne da kujeru jibge har rufin ɗaki, amma baƙonsa a tabarma yake zama. Me ya sa? Ku riƙe ta tukuna.

Da safen nan ina dama koko labari ya iske ni. Alhaji Ɗanlami mai kujerun roba ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ludayin ya nutse a kokon, har yanzu ban tsamo shi ba.

Taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara muke zagin juna. Shi ya ce mini Giwa, ni in ce masa mai kunnen faranti.

Wanda bai san shi ba, ya sami tsohuwar kujerar roba a nan garin Garwa ya dubi bayanta. In ya ga tambarin kifi, aikinsa ne. Tsohon inji ya sayo daga Kano ya kafa a bayan gari. A narka roba, a ɗura a ƙarfen zubi, kujera ta fito da zafinta kamar waina daga tanda.

Kuma ba wadda take zuwa kasuwa sai ta bi ta ƙarƙashina.

Kun dai san Allah bai yi mini rowar jiki ba. Duk sanda aka yi sabon zubi sai ya aiko da mota. "A ɗauko mini Giwa, sikelina." In je in tarar da kujera a tsakar fili, ma'aikata sun kewaye. In faɗa mata tim. In karkata hagu, in karkata dama, in jingina har ƙafafun gaba su bar ƙasa. Shi yana tsugune yana kallon na baya. In suka buɗe, ko roba ta yi fari a kusurwa, sai ya ce zubin nan duka a mayar a niƙe.

"Wadda ta ɗauki Giwa," in ji shi, "za ta ɗauki liman da ladaninsa."

Ladan aikina soyayyen kifin Binuwai, da zagi.

Ni na sa ya faɗaɗa hannun kujera, don na ce masa tsohuwa da hannu take tashi, ba da ƙafa ba. Ya ce ban san komai ba sai ci. Zubi na gaba hannun ya faɗaɗa.

Da gwiwata ta fara ciwo, a bikin jikata ya ga na kasa sauka ƙasa sosai. Ya ɗora kujera kan kujera da kansa, ya ce, "Hau, mai martaba." Ranar har rawa na tashi na yi.

To, yanzu na zo kanka, Bashiru, kai da ƙannenka. Na san kuna karanta ni.

Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ubanku, ko gadon bai ɗumama ba kuka kawo sabon ƙarfen zubi daga Duwala. Ƙafa siririya kamar tsinken tsire. Haƙarƙarin da ke ƙarƙashin mazauni kuka cire, wai don kujerun su shige juna sosai, kamiyo, wato babbar mota, ya ɗauki da yawa. Roba kuma ta tsofaffin bokitan bola, a niƙa a zuba kala. Zafin ranar Garwa ya ɗan dake ta, shi ke nan ta zama ɓawon gyaɗa.

Komai kun canza, ban da kifin.

Mota ba ta sake zuwa ɗaukata ba. Da na tambaya ka ce, "Goggo, yanzu na'ura ce take gwadawa." Wace na'ura? Ta taɓa zuwa suna ta ci tuwo ta jingina?

A garin Ngong wata tsohuwa ta je suna ta zauna, kujera ta tsage ƙafa, ƙugunta ya karye. Har yau tana kwance. Danginta ba su san wani Bashiru ba. Juya kujerar suka yi, suka ga kifi, suka ce Allah ya isa tsakaninsu da Ɗanlami. Mutumin da ko cokali ba ya iya kai wa bakinsa.

Rabona da shi tun bayan babbar Sallah. Na same shi a zaure, aka shimfiɗa mini tabarma, ni da gwiwar nan. Na ce, "Tsufa ya ƙara maka rowa ko, mai kunnen faranti?" Ya yi dariya da rabin baki. Ya ce, "Zauna dai, Giwa. Nan ya fi."

Na zauna ina mita. Na tashi ina mita.

Yau bayan an kai shi na je gaisuwa. A ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa, ga sababbin kujerunku a jere, dattawa a kai. Ban wuce cikin mata ba. Na zaɓi ɗaya, na gyara zane, na juya zan faɗa mata yadda na saba.

Bashiru, ka tuna tsallen da ka yi? Har hularka ta faɗi.

"Goggo, kar ki zauna! A nemo wa Goggo irin ta da!"

Na ce, "Au, ni kaɗai ce mai ƙugu a nan?"

Na ga liman yana laluba ƙafar tasa kujerar. Wani dattijo ya tashi a hankali wai zai sake alwala.

Saboda haka ku ji ni. Ƙarfen ubanku yana nan bayan injin, an rufe shi da buhuna. Ko ku dawo da shi, ko ku kankare kifin ku rubuta sunanku. Gobe zan dawo, ranar sadakar uku ma zan dawo, kuma zan zauna. In na karye, a gaban jama'a za ku ɗauke ni, kuma ina da nauyi.

Mutanen Ngong, don Allah ku janye Allah ya isa daga kansa. Kun dai ji inda za ku kai ta.

Allah ya ji ƙanka, Ɗanlami. Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya zaunar da kai inda ba a faɗuwa. Duk wanda ya taɓa zama kan kifin nan a biki, ko suna, ko makoki, ya tashi lafiya, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Ku haɗa da tsohuwar Ngong, Allah ya tashi kafaɗunta.

Amsar tambayata, matarsa Hajiya Ladi ce ta ba ni ɗazu. Tun ranar da labarin Ngong ya iso, ya sa aka kwashe kujerun zaurensa duka. Tsoro yake ji kada baƙonsa ya zauna kan sunansa ya karye.