Maman Faith, Wadda Ta Ƙi Jefa wa Garba Ƙwayarsa

Tun kafin 'yan makaranta su cika titin Narayi, Phoebe ta riga ta share gaban shagonta, ta ja igiyar janareta har ya yarda ya tashi, ta zauna gaban kwamfuta. Maman Faith ake kiranta a unguwa. Aikinta buga takardu da fotokwafi: takardar neman aiki, katin biki, tsarin sujadar coci, da furojet ɗin ɗaliban da ba sa tunawa da ita sai ranar miƙawa ta ƙarato. Haka take yini, tabarau a kan hanci, tana gyara wa mutane Turancinsu ba tare da ta faɗa musu ta gyara ba. Wanda ya wuce ya gan ta zai ɗauka ya gama saninta. Bai san komai ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, garin nan kaf haka ya yi mata.

Ranar Asabar da yamma take sauke ƙofar shago rabi, ta jawo tebur tsakiya, ta ajiye kofin ludo da ƙwayarsa guda ɗaya. Ba ludo ake yi ba, labari ake ginawa. Kowa a teburin yana da mutum ɗaya a cikin labarin, shi ya raɗa masa suna, shi ke magana da bakinsa. Phoebe ce ke shimfiɗa duniyar, ta ce ga kogi, ga tsohuwar masaƙar da injinanta ke tashi da kansu, ga abin da ya taso muku, me za ku yi? Mai mutum ya faɗi abin da mutuminsa zai gwada, sannan ya jefa ƙwaya. Babban lamba, an yi nasara. Ƙaramin lamba, ƙwaya ta ci, kuma mai mutumin ne zai zaɓi abin da zai rasa. Dokarta guda ce tun ranar farko: ba a jefa wa wani. Wanda bai zo ba, mutuminsa zai tsaya inda yake har ya dawo.

Abin da aka buga ranar Asabar, shi take mayarwa babi a tsakanin aikin mutane. Da farko 'yan tebur kawai ke karantawa. Daga baya aka buɗe zauren hira a waya inda ake sa babin, masu karatu suna biya wata-wata. Safiya, 'yar Tudun Wada da ta iya zane, ta ba mutanen labarin fuska. Derrick, mai muryar rediyo, ya riƙa karanta babin da Hausa da Turancin Fijin don direbobi da masu ɗinki su saurara. Injin fotokwafin shagon ya fara fitar da 'yan littattafai, ana sayarwa daga Sabo har Kakuri. A bangon kowanne, sunayen duk waɗanda suka zauna a teburin ne, yadda suka zauna. Nata na ƙarshe, don ita ce ke kusa da ƙofa.

To me garin ya saka mata da shi? Wasu matan zumunta na cocinsu suka kai ƙararta wai ta buɗe gidan caca. Maƙwabta suka ce mace da jikoki tana wasan yara. Ana shirya tarurrukan matasa masu fasaha a manyan otal na ƙetaren kogi, a gayyato waɗanda ba su taɓa kammala shafi biyu ba su yi jawabi a kan ƙirƙira, ba a taɓa aiko mata ko katin zama a kujerar baya ba. Abin haushin ma, ita ke buga musu katunan.

Cikin 'yan teburin akwai Malam Garba, mai walda a Makera, wanda gyaran ƙofar shagon ya kawo shi, ya tsaya kallo, ya ƙi tafiya. Shi ma an yi masa surutun caca a nasu ɓangaren na Musulmi, ya toshe kunne. Mutuminsa a labarin wani mai fito ne da ake kira Ɗan Kwale, wanda ke haye da mutane kogi ba ya tambayar sunansu. Masu karatu sun fi ƙaunarsa a kan kowa. Wata Asabar aka tashi wasa Ɗan Kwale yana tsakiyar ruwa, kwalekwalensa cike da yaran gari, tsohon kada ya biyo su baki buɗe. Garba zai jefa aka kira magariba, ya ce a bari sai mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo ya faɗi a bakin aikinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

A daidai lokacin ne wani kamfani daga Abuja ya zo. Suna son labarin, za su buga shi littafi na gaske, har da zancen mayar da shi katun. Abu ɗaya suke jira, a ba su ƙarshen labarin kafin shekara ta fita. Phoebe ta ce musu mai ƙarshen yana kwance. Mutumin kamfanin ya yi dariya, ya ce ai ita ce marubuciya, ta zauna ta rubuta abin da ya fi daɗi. Ko 'yan tebur sai da suka rabu biyu. Derrick ya same ta bayan an watse, ya ɗauki kofin ya miƙa mata.

"Anti, abeg, ki jefa kawai. Wa zai sani? Malam Garba ma kansa ba zai so mu yi asara saboda shi ba."

"In ba zai so ba, shi zai faɗa da bakinsa," in ji ta. "Mutum yana da rai ka raba gadonsa?"

Ba don ba ta san abin da take saki ba ne. Idanunta sun fara gajiya, injin fotokwafin ya tsufa, kuma ta san irin wannan dama ba ta cika zuwa Narayi sau biyu ba. Ta ji tsoro, ta yi kuka ma, 'yarta Faith ta shaida. Amma ta ga yadda cutar ta ƙwace wa Garba sana'arsa da harshensa, ta rantse a ranta ba za ta zama wadda za ta ƙwace masa abin da ya rage ba.

Shekara ta fita, kamfanin ya tafi. Masu karatu suka yi ta zagi a zaure, da yawa suka fice. Waɗanda suka ce tana caca su ne kuma suka dawo suna cewa ta yi wauta da ta ƙi kuɗin cacar. Mutanen da ba su taɓa leƙa Garba a asibiti ba suka zama masu ba da shawara a kan abin da Garba zai so. Ita dai ta ci gaba da buɗe tebur duk Asabar, sauran mutanen labarin suna ta fama a bakin gaɓa, Ɗan Kwale yana nan tsakiyar ruwa inda mai shi ya bar shi. Bayan coci ranar Lahadi takan shiga Makera ta gaishe da Dije, matar Garba, ta zauna ta ba shi labarin inda aka kwana.

Sai da damina ta sake zagayowa Dije ta kira ta, ta ce Malam ya fara riƙe cokali da hagu, kuma tun safe yake nuna mata kofi yana juya hannu. Ranar Asabar aka ɗaure teburin a kan keke napep, ƙafafunsa sama, 'yan unguwa suna dariya. Derrick ne ya riƙe shi har Makera. A tsakar gidan Garba aka kafa shi, Safiya ta jingina zanen kwalekwalen inda zai gani. Phoebe ta sake shimfiɗa wurin kamar jiya aka tashi, ga ruwa, ga yara, ga kada. Ta sa masa kofin a hannun hagu.

Ya daɗe yana girgizawa. Ƙwaya ta faɗo, ta mirgina, ta tsaya a kan biyu.

Derrick ya buɗe baki zai ce a sake, Phoebe ta kalle shi, ya rufe. Ta juya ga Garba, ta ce, "Malam Garba, ƙwaya ta ci. Me Ɗan Kwale zai ba kada?"

Kowa ya ɗauka ransa zai ce, ko kwalekwalen. Maganar ta fito da ƙyar, kalma-kalma, sai da Dije ta sunkuya ta maimaita wa mutane.

"Hannun dama. A ba shi. Da hagu ma ana tuƙi."

Haka aka rubuta shi, ba a ƙara ko wasali ba. A nuna mini marubucin kamfanin da zai zauna a ofis ya samo wannan. Ba zai samu ba, don ba nasa ba ne, na mutumin da ke kan tabarmar ne, kuma da an bi ta mutanen garin nan da an binne shi ba a taɓa ji ba.

Ke ce kika tsare masa shi, Maman Faith. Ke ce kika zaunar da Musulmin Makera da Kiristan Narayi a tebur ɗaya, ba taron sulhu, ba ɗan jarida. Mai sunan ƙarshe a bango, ke ce kika yarda a kira ki wawiya don kada a yi magana da bakin wanda bakinsa ya rufe. Yanzu idanu sun ce ki huta, kin miƙa wa Safiya kofin, kin koma kujerar ɗan wasa kamar kowa. Ba wanda ya shirya miki walima, kuma wannan abin kunya ne a kanmu.

Mun gode, Allah ya saka miki, ya ƙara wa idanun nan haske. Ku kuma masu haɗa kai ku kafa sana'a, ta rubutu ce ko ta wani abu, rana za ta zo da ɗayanku zai kwanta, mai saye yana bakin ƙofa, wani ya ce a jefa masa kawai, wa zai sani. Ranar nan ku nemo keke, ku ɗaure teburin, ku kai masa.