Hannun Kawu

A gidanmu Kyaftin ake ce wa Kawu, ƙanin mahaifiyata, kuma rabin sunan tsokana ce. Tuƙin jirgi yake koyarwa a wata 'yar makaranta da ke gefen filin jirgin sama, cikin wani ɗan jirgi mai kujera biyu da Mama ke cewa Allah ne kawai ke riƙe da shi. Burinsa ɗaya tun yana saurayi: ya tuƙa irin jiragen alfarmar nan da kamfanoni ke ɗaukar manyansu a ciki. Rumfar da ake ajiye su na kallon tagar ofishinsa, kullum yana ganinsu suna sheƙi.

Lasin yana da shi. Awoyin tashi kuwa ya tara har sun yi masa yawa. Amma duk inda ya kai takardunsa sai a ce masu inshora sun fi son wanda ya taɓa tuƙa irin jirgin, irin jirgin kuma ba a ba ka shi sai ka taɓa tuƙa shi. Aikin ma ba a tallarsa, wani ke raɗa wa wani. Haka Kawu ya yi ta zarya har furfura ta fito masa.

Sau ɗaya tak aka kira shi gwaji. Matarsa ta goge farar rigarsa har sau biyu. Aka sa shi cikin na'urar gwaji, wani ɗaki mai kama da gaban jirgi sak, tare da wani matashi da shi ma aikin yake nema. Matashin ke tuƙi, Kawu na taya shi, babban matuƙin kamfanin na zaune a bayansu.

Suna gangarowa sauka sai gudun jirgin ya ragu fiye da kima, matashin bai lura ba. Ƙa'idar matuƙa ita ce in ka ga kuskure ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Kawu ya san haka sarai. Amma mutumin da ya shekara da shekaru kusa da ɗalibai masu rawar jiki ya saba gyara kuskure ba tare da ya ba da kunya ba. Hannunsa ya riga bakinsa. Ya ɗan ƙara wuta a ɓoye, suka sauka lafiya lau.

Da suka fito babban matuƙin ya ce, "Malam, na ga hannunka. Ka iya tuƙi, ba shakka. Amma ba zan zauna kusa da mai rufa mini asiri a sama ba."

Matashin aka ɗauka. Har yau bai san abin da ya faru ba, in ya hango Kawu ta taga har hannu yake ɗaga masa.

Na taɓa ce wa Kawu ai zalunci ne. Ya ce, "A'a, ɗana, gaskiyarsa ce. Ita ce ma ta fi ciwo." Ni dai har gobe abin na cina, don yanzu shekarunsa sun wuce na wanda ake kira.

Kwanan baya na ɗauko shi a mota, hira ta ɗauke mini hankali na fara cin layin wasu. Na ga hannunsa ya taso wajen sitiyari, sai ya tsaya, ya mayar da shi kan cinyarsa.

"Ka kauce hanya," ya ce da ƙarfi.

Na gyara. Muka isa gida lafiya lau.