Mai Yi wa Kifi Sallama

Kawu Gado bai taɓa wuce ruwa bai yi sallama ba. Ba masunta yake gaisarwa ba fa, kifin! Ya durƙusa ya ce, "Baƙi, kun iso lahiya?" Sannan ya yi shiru yana gyaɗa kai. Wannan shirun ne ke tayar mini da tsigar jiki, ni ɗan ƙanwarsa.

Kun tuna shekarar da manoman shinkafa suka datse rafin Geza da siminti. Damina ta faɗi, kifi suka hauro daga Kwara za su zuba ƙwai a fadama, suka tarar da bango. Kawu ya yini yana tsallakar da su da bokiti. Da bayansa ya gaza, sai ya jera duwatsu a gefen madatsar, hawa-hawa, kowane hawa da ɗan gurbin hutawa.

Shugaban manoma ya ce, "Gado, matakala ga kihi? Suna da ƙahwa?"

"Tun daga Benin sunka taho, ko kwastan bai tare su ba. Kai wa?"

Sai Ɗanjuma mahauci, uban wayo, ya kafa taru a hawa na uku. Kawu ya ga tarun. Ya bari sai da Ɗanjuma ya shiga barcin rana, ya ɗaure masa tarun a bakin ƙofa. Mutum ya fito, ya faɗa ciki yana wutsil-wutsil.

"Ka ji yadda su ka ji?" in ji Kawu.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni. "Ummaru, in sun zo, ka hwaɗa musu."

"In faɗa musu me, Kawu?"

Ya juya mini baya.

Mun binne shi farkon damina. Na gyara duwatsun tsaf, ruwa na gudu yadda ya kamata. Kifi suka zo. Wallahi da rana tsaka na gan su, sun jeru a ƙasan hawa na farko, tarwaɗa da kawara, kawunansu na fuskantar sama, ba mai hawa. Kwana uku! Ruwa ya soma ja, in ya janye ƙwan bana ya tafi. Har Ɗanjuma ya zo ya leƙa, ya koma gida da baya da baya.

Rana ta huɗu na waiga hagu da dama, da gemuna da komai, na durƙusa.

"Salamu alaikum. Gado ya rasu."

Ruwan ya yi tsit. Can wata babbar tarwaɗa ta motsa, ta hau. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba ko fantsama. Ni kuwa na zauna a kan dutse na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka buɗe wa bayinSa hanya, Ya buɗe maka taka.