Wayar Sitiriyon Baba

Sitiriyon Baba yana da wani hali da na tsana: in babu wuta, ƙofar kaset ɗinsa ba ta buɗuwa, ko da za ka kwana kana danna ta. Bayan arba'in ɗin rasuwarsa muka buɗe ɗakinsa a gidanmu na unguwar Gomari, muka tarar ɓeraye sun cinye wayar wutar, sai guntun kai. A cikin injin kuma, ta bayan ɗan gilashin, na hango kaset mai jan tambari da na sani tun ina yarinya. Shi kaɗai ne abin da muryar Inna take ciki a duniya. Ta ɗauke shi ne aka aika wa yayana lokacin yana karatu a Sudan, ya dawo da shi. Ita ta riga Baba tafiya da shekaru.

Mijina ya ce a sa sukundireba a ɓalle ƙofar. Na ce in ya gaji na ubansa sai ya ɓalle.

Na fara neman sabuwar waya a wani shago mai gilashi da sanyin na'ura. Mai shagon ya fito da waya a kwali, ya ce tana wanke sauti. Kuɗin da ya faɗa ya kusa buhun shinkafa, ni kuwa malamar firamare ce. Na yi masa fatan alheri na fito. A bakin titi a Bulumkutu na sami waya mai irin bakin da nake nema, ramuka biyu, da kuɗin da bai kai na mudun gero ba. Na dawo ina jin na fi kowa wayo.

Araha ba ta ado. Ina jona ta, fitilar injin ta ɗan haska, sai warin roba ya tashi, wayar ta yi laushi a hannuna. Na fizge ta daga bango. Na tsorata ƙwarai, don na ɗauka na ƙone Inna da rowata.

Washegari na naɗe injin a zani, na rungume shi a keke napep har Yerwa, cikin tsohon gari, wurin wani dattijo Babarbare mai gyaran rediyo da maƙwabciyarmu ta kwatanta mini.

"Wushe, sannu 'yata. Me ya same shi?"

Na ba shi labari, na miƙa masa wayar. Ya feƙe bakinta da reza, ya kunna ashana a ƙarƙashin siraran zaren da ke ciki. Nan take suka lanƙwashe suka zube.

"Wannan ba jan ƙarfe ba ne, launi aka shafa masa," in ji shi. "Injinki tsoho ne, yana cin wuta da yawa. Tsoho sai tsoho."

Ya jawo wani buhu cike da wayoyin da ya ciro daga matattun rediyoyi. Ba ya duba kyau, ɗagawa yake yana jin nauyi a tafin hannu. Ya zaɓi wata baƙa mai kauri, duk datti. Kuɗinta bai kai abin da na ba mai keke ba. Na ce ya ƙulle mini ita in tafi, ya ce shi ba ya sayar da waya sai ya gwada a gaban mai ita.

Ya jona a batirin solarsa. Fitila ta kama, ta tsaya. Na kai hannu zan buɗe ƙofar, ya tare ni.

"Bari ya ɗan juya tukuna. In tef ɗin ya manne kika buɗe, ya tsinke. Na gida ne?"

Na ce eh. Sai ya rage ƙarar, ya danna.

Ba daga farko ya soma ba, daga inda Baba ya tsayar da shi ne. Muryar Inna ta fito tana rawa, tana shaƙewa. Ta gama gaishe da yayana ke nan, ta juya tana cewa, "Malam, kai ma ka ce wani abu mana, ka zauna kamar baƙo." Daga nesa Baba ya ce, "Ki ce ina gaishe shi." Sai ta yi dariya. Bayan nan sautin ya washe tas.

Na tambayi dattijon ko zafin wayata ne ya ɓata wurin.

"A'a. Tef ba ya siranta haka sai an yi ta mayar da shi baya. Wani ya daɗe yana sauraron nan wurin."

Tun da aka binne Inna ban taɓa jin Baba ya ambace ta ba, kuma na riƙe shi da wannan a zuciyata har ya mutu. Na ji kunya, na ji kewarsa fiye da ranar jana'izarsa.

Dattijon ya ce ko ya mayar mini in sake ji. Na ce a'a, wurin ba zai ɗauki wani zagayen ba.