Ɗibar Yashin Hadiza daga Dutsi zuwa Gesheme

Dutsi zuwa Kiyeshe

Ana sallame asuba na tada babur, da buhu uku da shebur. Ɗiyata Hadiza ce ta ɗora mani wannan wahala. Karatun duwatsu take yi a Yamai, ga ta cikin jego, malaminta kuma ya ce in yashin bincikenta bai iso wannan mako ba, sai ta maimaita shekara.

Na ce mata, "Yashi ya ƙare a ƙofar gida ne?"

Ta ce, "Baba, na ƙorama nake so. Akwai 'yan ƙwayoyi a ciki, zirkon, ruwa ya kwaso su daga tsofaffin duwatsu. Tun ƙasa na narke suka daskare, kuma ba su ruɓewa. Wani sinadari a cikinsu yana komawa dalma sannu a hankali. In an auna dalmar, sai a san lokacin da tudun da muke takawa ya fara ƙwari."

Ni dai na san tudu ya yi ƙwari, don na sha faɗuwa kansa. A Kiyeshe na cika buhun farko, ba wanda ya tanka.

Kore Mairuwa

Da hantsi na iso. Wani jandarma mai tsaron hanya ya cusa hannu cikin buhu har gwiwar hannu.

"Zinariya?"

"Da zinariya ce, wannan babur ɗin zan hau?"

Ya yi dariya, ya sake ni. Na ci tuwon dawa miyar kuka a tasha, gishiri ya yi yawa. Buhu na biyu ya cika.

Gesheme

Nan ne na ga ta kaina. Bayan azahar na sami ƙoramar, garken shanu ya ratsa ta bai daɗe ba. Ina cikin haƙa sai na ji sanda ta dafa shebur. Wani dattijon makiyayi ne, wai shi Jaɓɓo, idonsa ja.

"Kai Kaɗo, sawun shanuna kake ɗiba? Wa ya aiko ka?"

Wallahi sai lokacin na duba ƙasa. Kowa a Arewa ya san abin da ake yi da ƙasar sawu. Na ce, "Baffa, ba sammu ba ne, karatu ne." Na kwashe zancen Hadiza na faɗa mashi, har dalmar.

Ya ce, "Wato yashin yana riƙe abin da ya wuce?"

"Haka ta ce."

"To ai abin da nake tsoro ke nan. Zubar."

Na roƙe shi da Allah, na ce shekarar yarinya ce cikin buhun nan. Sai ya ce in cire takalmi in taka ƙasa. Na taka. Ya duƙa ya kwashe sawuna tas, ya ƙulle a bakin rawaninsa.

"Tafi da naka, in riƙe nawa. In shanuna sun kwana lafiya, kai ma ka kwana lafiya."

Gida

Da magariba na shigo Dutsi, washegari buhunan suka bi motar Yamai. Hadiza ta yi ta godiya, ban gaya mata abin da na bari jingina ba.

Na gode Allah da ya maido ni, na gode wa yaron da ya liƙe mani taya a Tibiri. Ku kuma masu zuwa Gesheme, in kun ga Jaɓɓo ku tambayar mani lafiyar shanunsa. Ni nan kullum sai na sa su a addu'a, har da maruƙa.