Kazar da Ta Shiga Darasin Yunwa

Shekara ashirin da shida Chanthou ta yi tana raba abinci a wata makarantar gwamnati a garin Lowell na Amurka, kuma ba ɗalibin da ya taɓa zubar da shinkafa a gabanta sau biyu. Dalilin kuwa ba ta taɓa faɗa ba, ko ga 'yarta Leakhena, malamar tarihi a makarantar. Leakhena ta san an yi yunwa a ƙasarsu Kambodiya zamanin mulkin Khmer Rouge, ta san uwarta ta yi ƙane, amma ko sunansa ba ta sani ba. In ta tambaya, amsar ɗaya ce: "Kin ci abinci?"

Sai jiha ta kafa doka a riƙa koyar da tarihin kisan ƙare dangi. Makaranta ta ba Chanthou takarda ta zo aji ta ba da labarinta. Abin da 'ya ta roƙa shekara talatin, takarda ta samo shi a mako guda, domin Chanthou ba ta musu da takarda mai hatimi.

Ita da 'yarta suka shirya ta dama irin kunun da aka riƙa ba su a sansanin aikin dole: gwangwanin shinkafa ɗaya a tukunyar ruwa, kowane ɗalibi ya ɗanɗana.

Ranar darasi tukunya ta iso aji tana ƙamshin tafarnuwa.

Leakhena ta dubi uwarta. "Mak, me nake gani? Kaza?"

"'Yar ƙarama ce."

"Yunwa fa za mu nuna musu!"

"Ke da digirinki, ina kika ga an ba baƙo ruwan shinkafa? 'Ya'yan mutane ne. Matsa."

Ɗalibai suka yi nazarin yunwa kwano bibbiyu. Wata ɗaliba daga bayan aji ta ce, "Kaka, in haka kuka ci, ai kun more!"

Leakhena ta runtse ido. Chanthou kuwa ta yi dariya har sai da ta zauna. Sannan ta zuba ruwan zafi a kofi, ta jefa ƙwayar shinkafa bakwai, ta ɗaga.

"Wannan ne namu. Wanda kuka sha, ƙanena ne ke tsara mini shi kullum a bakin gona: kaza, citta, tafarnuwa, in mun koma gida. Shekararsa tara. Bai koma ba." Ta dubi 'yarta. "Sunansa Rithy. Malama, tsayuwar me kike? Sa a allo."

Leakhena ta rubuta, da manyan baƙaƙe. Chanthou ta daɗe tana kallo, ta gyaɗa kai, ta juya.

"Ke mai cewa mun more, saura ƙwaya uku a kwanonki."

Tun daga nan duk shekara takan zo da tukunyar. Kazar dai ta daina zama ƙarama.